Tabon da Rana Ta Bari

Alhaji Mati mai sayar da atamfa a unguwar Adjamé mutum ne mai tsoron Allah, amma ba a gaya masa gaskiya a gaban jama'a. Ɗansa Abdurrashid ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana aiki a tashar jiragen ruwa, inda suke da littafin da ke nuna lokacin cikar teku da janyewarsa.

Wata Laraba a shekarar 1973 Abdurrashid ya zo shago, ya tarar da uban cikin abokansa. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ce ranar Asabar da hantsi rana za ta yi kusufi, a sanar da liman a shirya salla. Ya miƙa wa uban guntun gilashi da ya baƙanta da hayaƙin fitila, ya ce kada ya dubi rana sai ta cikinsa.

Alhaji ya tambaye shi yaushe ya koma boka. Abokan suka yi dariya.

"Baba, ba duba ba ne. Wanda Ya halicci rana da wata Shi ne Ya tsara tafiyarsu. Mu ƙirgawa kawai muke yi."

"Gaibu na Allah ne. Tashi, kada ka sake tako mini shago."

Alhaji ya jefa gilashin a kwata.

Ranar Asabar da hantsi haske ya dusashe, mutane suka nufi masallaci. Alhaji ya zagaya bayan shago ya ƙura wa rana ido tsirara, ya daɗe, yana neman ƙaryar ɗansa. Ya ga ranar a gutsure. Tun daga nan duk abin da ya duba sai baƙin tabo ya zauna a tsakiyarsa. Likita ya ce babu magani.

Alhaji ya san yaron bai saɓa wa Allah ba. Matarsa Baraka ta yi ta roƙonsa ya je wurin yaron, unguwar Treichville inda yake haya ba nisa, gada ce kawai za a haye. Girman kai ya riƙe shi wata huɗu. Da ya je, masu gidan hayar suka ce an mayar da Abdurrashid aiki can garin San-Pédro mai nisa.

Bayan babbar salla wasiƙa ta zo daga Abdurrashid, cikin ajamin da Alhaji da kansa ya koya wa yaron. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu, tabon yana bin kowane layi. Baraka ba ta karatu. Masu iyawa kuwa su ne abokan da suka yi dariya.

Ya ninke ta ya sa cikin Alƙur'aninsa, wanda shi ma ya daina iya karantawa.