Makunnin Bayan Ƙofa

Kwana arba'in Malama ta yi tana renon ruwa a kwalba, har abokan aikinta suka laƙaba mata Uwar Kore. Ko a jikinta, don gajiya ta fi ƙarfin fushi. Ranar Juma'a za ta miƙa wa Farfesa sakamakon gwajinta, kuma makaranta ta riga ta rubuto cewa wannan ne ƙarin lokaci na ƙarshe. In babu sakamako babu digiri, shekara huɗu sun tafi a banza ke nan.

Abin da take reno shi ne koren nan da ke rufe fuskar dam idan zafi ya tsananta, ruwa ya kama wari, kifi ya taso ciki sama. Gansakuka mutane ke ce masa, amma ƙwayoyin bakteriya ne masu rayuwa da haske kamar ganye. Tambayarta ɗaya ce: me ya fi haukata su, haske ko zafi? Sai ta jera kwalabe ashirin da huɗu a kanta biyu. Ta sama fitila dare da rana, ta ƙasa kuwa wani ɗan agogo ke kashe mata fitila da yamma. A kowace kanta, rabin kwalaben na zaune cikin ruwan ɗumi da hita ke riƙe da shi, sauran a sanyin ɗaki.

Gwajin farko wata baƙuwar ƙwaya ce ta shiga ta cinye shi. Na biyu an ɗauke wuta kwana biyar. Wannan na uku lafiya lau yake tafiya, sai dai lissafin ya ƙi. Ya kamata kwalaben da suka sha haske da ɗumi su yi kore shar, su bar sauran a baya nesa. Ina! Duk tafiyarsu ɗaya kamar sun haɗa baki, bambancin bai kai a faɗa ba. Ta sake awo, ta wanke tabarau, ta zargi na'ura. Har akwai ranar da ta fara tunanin ko ta gano abin da duniya ba ta sani ba, sannan ta yi wa kanta dariya.

Ranar Laraba maigidanta zai yi tafiya, sai ya sauke ta a wurin aiki ƙarfe shida da rabi maimakon takwas. Ta buɗe ɗakin gwaji ta tarar da duhu. Ta leƙa baranda, fitila na ci. Ta tsoma yatsa a ruwan da ya kamata ya zama mai ɗumi, ta ji shi sanyi ƙalau. Ba ta taɓa komai ba, ta ja kujera ta zauna.

Ƙarfe bakwai Baba mai shara ya turo ƙofa da bokitinsa. Ya miƙa hannu bayan ƙofa, ƙas, ɗakin ya haske, hita ta fara gurnani.

“A'a, 'yata, yau sammako aka yi? Da na sani ai da na zo na kunna miki.”

“Baba, kai kake kashewa?”

“Kullum,” ya ce, har da ɗan alfahari. “In na gama shara ƙarfe shida na yamma in kashe, da safe in kunna don kada ki shigo cikin duhu. Ban taɓa fashi ba, har Asabar da Lahadi.”

Ta nuna masa bango. Takarda biyu ne manne kusa da makunnin. Ɗaya ta ofis, ɗaya tata, da jan biro da manyan baƙaƙe: KADA A KASHE.

“Ba ka ga wannan ba?”

“Na gani mana. Ta farkon mai gadi ya karanta mini, wai duk wanda ya fita ƙarshe ya kashe wuta. Da na ga an ƙaro ta biyu da jan biro, na ce to, abin ya yi tsanani.”

Ta so ta yi ihu, ba ta da ƙarfin yi. A hankali ta yi masa bayani: kwana arba'in kantar sama na kwana cikin duhu kamar ta ƙasa, ruwan ɗumi na hucewa kowane dare, ya koma ɗumi kafin ta iso. Duk abin da ta rubuta a littafinta, ba gwajin da ta shirya ba ne. Baba ya ajiye bokiti, ya cire hula ya riƙe.

“Ni ban yi boko ba, 'yata. Da kin faɗa mini da baki.”

Nan maganar ta soke ta. Shekara huɗu suna gaisawa, tana tambayar ciwon gwiwarsa, yana tambayar yara. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce masa ga abin da ke cikin kwalaben nan ba. Ta manna takarda ta yi tafiyarta.

Rabin wunin ranar ta yi shi a kan kujerar nan tana juya abin a ranta. In ta rubuta cewa ma'aikacin makaranta ne ya ɓata gwajin, dole a ƙara mata lokaci, kuma ta san Farfesa: kafin Litinin Baba ya karɓi takardar kora. In ta miƙa lissafin yadda yake, wani zai karanta ya yarda cewa zafi ba ya ƙara wa koren nan komai, alhali garin da ke shan ruwan dam ya san ƙarya ne. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa. Da azahar ta rubuta layi biyu: gwajin ya lalace, kuskuren daga wajenta ne. Ta kai ofis da kanta.

Da yamma suka juye kwalaben a wurin wanki, ita tana zubarwa, Baba yana ɗaurayewa. Koren ya bi rariya ya tafi. Ta ɓare takardarta daga bango, ta ɗauki jaka.

A bakin ƙofa Baba ya tsaya, hannunsa ya kai rabin hanya zuwa makunnin ya maƙale.

“A bar ta a kunne, 'yata?”

Ta waiga ta dubi kantocin, fitilu na ta haska katako.

“Kashe, Baba,” ta ce. “Yau kam kashe.”