Hitar Kaka Remi

An sayar da gidan Kaka Remi a farkon hunturu. Abu ɗaya masu sayen suka ce sai an yi kafin su tare: a cire tsohuwar hitar gas mai ɗumama ruwan wanka da ke banɗaki, a sa sabuwa. Goggo Godelieve ta miƙo mini makulli.

"Wannes, tun da ka gama makaranta ba ka da aikin fari. Je ka buɗe wa mai gyara ƙofa."

Na je. Gidan yana bayan tashar jirgin ƙasa ta Aalst, ɗan tsukuku, duk warin danshi. Kaka kuwa yana gidan kula da tsofaffi. Tun bara ya fara rikicewa. Ciwon kai, jiri, barci ba lokaci. Yakan kira ni da sunan babana da ya rasu. Ran da aka tsince shi a ƙasa kusa da baho, Goggo ta ce tsufa ne ya kama shi. Duk muka yarda.

Mai gyaran, Ludo, wani mai ƙaton ciki ne. Na haɗa masa kofi, na aje biskit a gefe yadda ake yi wa kowane ma'aikaci. Ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Saurayi, wannan kofi ne ko ruwan wanke kwano?"

"Abin da ya rage ke nan."

"To, Allah ya ba matarka haƙuri."

Kafin ya kwance hitar sai ya kunna ta. Wutar ta tashi rawaya, tana lilo. Sama da ita bango ya yi baƙi. Ni na ɗauka datti ne kawai. Ludo ya kashe ta da sauri, ya buɗe taga. Sai ya durƙusa a bakin ƙofa, inda aka bar 'yar kafar iska daga ƙasa. Ya sa yatsa ya fara zaro tsummoki. Tsohuwar safa, guntun ɗankwali, hannun wata rigar sanyi.

"Wa ya toshe wannan?"

Na gane safar. Kowace shekara, da sanyi ya shigo, Kaka yakan bi gidan yana cusa tsumma duk inda iska ke ratsowa. Duk tsofaffin layin haka suke yi. Wai ba za su ɗumama titi da gas ɗinsu ba.

"Kakana," na ce.

"Yana raye?"

"Yana raye."

"Ya auna arziki. Wutar nan iska take ci. In ka hana ta, sai ta ba ka guba marar wari. Kai ya yi ta ciwo, mutum ya zama kamar bugagge." Ya dube ni. "Ni dai ba likita ba ne."

Na tsaya ina kallo ya sauke ta, ya ɗora sabuwa fara fes, mai bututu da ke shaƙo iskarta daga waje. Ya kwashe tsohuwar zuwa motarsa. Tsummokin ni ya bar wa.

Na kira Goggo a tsaye a bakin ƙofa, ana yayyafi. Na gaya mata duka.

"Wannes, an riga an sa hannu a takardun cinikin gidan."

"Goggo, wataƙila Kaka lafiyarsa lau."

"An sa hannu, na ce. Da jariri mutanen za su shigo. Kuma kar ka je ka tayar masa da hankali."

Na hau keke na je.

Na same shi a bakin taga, an aje masa miya ta huce. Yana ganina ya ɗaga gira.

"A'a, raggon Aalst. Har yanzu ba wanda ya ɗauke ka aiki?"

"Kai ma ai zaman banza kake, tsoho."

Ya yi dariya. Ya tambayi kekena, ya tambayi ƙwallon ran Lahadi, har ya gyara mini sunan mai tsaron raga. Idonsa tar. Rabona da ganinsa haka tun ina makaranta.

Na zaro safar daga aljihu na ɗora masa a cinya. Na faɗa masa abin da Ludo ya ce, ban rage ba. Ya juya ta a hannu.

"Ke nan ba kaina ne ya lalace ba."

"Da alama."

"To, yaushe zan koma?"

Na dubi miyar. Shi kuma ya dube ni, ya gane. Da bara ne da bai gane ba.

"Sun sa sabuwa?" ya ce can.

"Sun sa."

"Ruwan yana zafi?"

"Sosai."

Ya gyaɗa kai. Iska tana ɗan ratsowa ta gefen tagar. Ya naɗe safar a hankali, ya cusa ta a wurin.