Saƙon Jagora ga Uwar Uku

Mutumin da zai aika wa mace tana kan gadon mutuwa cewa ciwonta sakamakon barinsa ne, mugu ne, komai tsawon addu'arsa da yawan masu durƙusa masa. Jagora ya aikata haka, kuma bai ma tako da ƙafarsa ba. Matarsa ta fari ya turo.

Goggo Mai Guga tana tsaye bakin teburinta a baranda, ta shimfiɗa hannun wata farar riga ke nan, sai ta hangi tsohuwa tana hawo matakala tana dafa bango. Doguwar riga ce a jikinta mai ruwan toka, ba ado, ba aljihu. Goggo ta gane rigar. Irinta ce a jikin maƙwabciyarta ranar da ta iso gidan hayan nan, shekara huɗu da suka wuce, da yara uku da buhu ɗaya.

"Sannu da aiki. Nan Ta Bakwai take?"

"Nan ba ma ƙirga mata, Iya," in ji Goggo. "In Uwar Uku kike nema, ga ƙofarta can, amma tana kwance."

"Na sani. Shi ya kawo ni."

Goggo ta zare wayar dutsen guga, ta bi bayanta ciki ba tare da an gayyace ta ba.

Labarin inda Uwar Uku ta fito, Goggo ta tsince shi ne kaɗan-kaɗan, a bakin famfo da wurin shanya. Wata gona ce nesa da gari, mutanenta suna kiranta Gandu. Jagora ke mulkinta, matansa tara, kuma da lamba ake kiransu. Koyarwarsa ita ce ɗa na jama'a ne, ba na uwa ba. Da an yaye yaro sai a kai shi gidan yara, uwarsa ba ta da ikon nuna shi ta ce nata ne. Zuwa asibiti kuwa rashin imani ne. Yara huɗu ta haifa a can. Na biyunsu, namiji ɗan shekara biyar, ya yi zazzaɓi, aka yi ta addu'a a kansa har ya cika. Sai da aka kwana biyu da binne shi aka gaya mata, aka ce yana bayan gidan yara, ba a kuma bar ta ta je ba. Ta haɗiye, ta jira wata biyar. Ranar da kowa ya fita girbi ta kwashi ukun da suka rage, ta yi tafiyar ƙafa da su har babbar hanya.

A gari ta sami aikin jera sabulu cikin kwali a wata masana'anta, ta sa yaran makaranta, ita ma ta koyi karatu a littafin babbar 'yarta. Sai ciwon daji ya kama ta. Likitoci suka yi iya yinsu, suka sallamo ta gida da maganin rage zafi.

Yanzu tana kwance a ƙaramin gadon ƙarfe kusa da taga, ta rame har zoben hannunta an ɗaure shi da zare. Da ta ga tsohuwar, sai ta yunƙura za ta tashi.

"Yaya! Ke ce?"

"Kwanta, kwanta." Ta Fari ta zauna a bakin gado, ta haɗa hannuwa a cinya, ta zuba saƙon kamar mai biya hadda. "Jagora ya ce ciwon nan bakinsa ne. Ya ce in kin mayar da yaran zai janye, ki dawo ki cika a cikin jama'a, a binne ki a Gandu. In kin ƙi, ki mutu a waje. Jibi zan dawo da mota."

"Bakinsa ne ya kama direban nan da ya yi haya a ɗakin ƙasa ma?" in ji Goggo daga bakin ƙofa. "Shi ma irin ciwon ya kashe shi bara, kuma bai taɓa auren Jagoranku ba."

Ta Fari ta gyara wa mara lafiyar bargo, ta ƙi shan shayin da aka kawo mata, ta tafi.

Da yamma Uwar Uku ta kira Goggo.

"Goggo, ki taimake ni ki goge kayan yaran nan, ki zuba a jaka."

Goggo ta tsaya tana kallonta. "Kin yi tafiyar yini guda da goyo a baya, da biyu a hannu, don ki fito da su. Yanzu ni zan goge musu kayan komawa? Ke kin yarda bakin wancan mutumin ne ya sa miki ciwo?"

"Ban yarda ba. Na ga hoton da likita ya nuna mini."

"To mene ne?"

Ta juya fuska wajen bango. "Yarona yana can shi kaɗai. Ko kabarinsa ban gani ba. Waɗannan sun sami uwa shekara huɗu, Goggo. Shi fa? Ina so a kwantar da ni kusa da shi."

Goggo mace ce mai baki, duk benen an san ta da haka, amma nan a hankali ta ce, "Kuɗin kabarin ya yi tsada, 'yar nan. Yara uku masu rai."

"Na sani. Ki goge dai."

Ta goge. 'Ya'yan mutane ne, ba nata ba, kuma uwarsu tana da rai. Amma tunda take sana'arta ba ta taɓa jan aiki irin na ranar ba. Wandon Auta, wanda bai fi tafin hannu biyu ba, sai da ta bi shi sau uku. Babba, 'yar shekara goma sha uku, ta dawo daga makaranta ta tarar da jaka a bayan ƙofa. Ta fito baranda ta tsaya gefen tebur.

"Goggo, ina za mu?"

"Ba a gama magana ba tukuna."

"Ni na tuna wurin. Su ne ba su tuna ba." Ta nuna ƙannenta biyu da ke wasa da murafen kwalba a matakala. "A can ba a cewa Mama. In ka ce, sai a hana ka abincin rana."

"Je ki cire kayan makaranta," in ji Goggo, don idonta ya fara zafi, kuma ba ta son a gani.

Ranar da aka ɗiba, da hantsi, mota ta tsaya a ƙasa. Direban bai fito ba. Ta Fari ta hawo ita kaɗai. Yaran suna zaune a jere a kan tabarma cikin gogaggun kaya, jakar tana gabansu. Goggo ta kora su ɗakinta, ta dawo ta tsaya inda ta tsaya shekaranjiya.

"Na shirya, Yaya," in ji Uwar Uku. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Abu ɗaya nake so ki gaya mini. A wane gefe yake? Kusa da bishiyar nan ta bayan gidan yara, ko wajen katanga? Ina so in san inda zan ce a sa ni."

Ta Fari ta sunkuyar da kai. Ta murza bakin rigarta, ta sake murzawa. A ƙasa direba ya danna ham.

"Yaya?"

"Babu bishiya," in ji tsohuwar. "An sare ta shekarar da kika tafi. Jagora ya ce kaburbura suna sa mata juya baya ga jama'a. Ya sa aka baje wurin, aka zuba siminti, aka gina ɗakin ajiyar hatsi. Manya kuma can bayan rafi ake kai su yanzu."

Uwar Uku ta zuba mata ido.

"Ya san haka ya aiko ki?"

"Ya sani. Ya ce kar in ɗauko zancen." Ta ɗago kai, idonta a bushe. "Nawa biyu suna ƙarƙashin simintin nan, ƙanwata. Kullum ni ke shiga ɗibar hatsi. Takalmi nake cirewa a bakin ƙofa, suna cewa tsufa ne ya taɓa ni."

Uwar Uku ta miƙa hannu ta kama na tsohuwar. Sun daɗe a haka, ba mai kuka a cikinsu. Ham ya sake tashi.

"Goggo," in ji Uwar Uku, "mayar da kayan nan cikin akwati."

"Zan ce masa na tarar ba kya iya magana," in ji Ta Fari.

"A'a. Ki ce masa na yi magana. Na ce a'a."

Washegari Goggo ta rufe teburinta, ta je ofishin kula da yara ta zo da jami'a. Aka rubuta takarda cewa riƙon yaran yana hannun Goggo, Uwar Uku ta sa hannu da kanta, harafi bayan harafi, tana hutawa a tsakani. Da jami'ar ta miƙe za ta tafi, Goggo ta raka ta har matakala, ta gaya mata zancen ɗakin ajiya kaf, ba ragi ba ƙari. Jami'ar ta sake buɗe littafinta a tsaye.

Kwana tara ta ƙara a duniya, kuma kwanaki ne masu sauƙi. Ta daina juya fuska wajen bango. Ta sa Babba ta riƙa karanta mata darasin makaranta, tana gyara mata inda ita ma ba ta sani ba, suna dariya. Ta gaya wa Goggo cewa ta tsakiyar ba ta faɗin ciwo sai an duba ta, Auta kuma maƙaryaci ne amma ba mugu ba.

"Duk na sani," in ji Goggo. "Bango ɗaya ya raba mu, kuma bangon nan kwali ne."

Ranar ƙarshe da safe yaran suna faɗa a kan safa, kowa na cewa tasa ce. Babba ta ce yau ba za ta je makaranta ba. Uwar ta ce za ta je. Suka zo ɗaya bayan ɗaya ta dafa kansu, suka sauka da gudu, takalmansu na buga matakala. Ta ce a buɗe mata taga. Ta saurara har muryoyinsu suka ɓace a kwanar titi. Goggo ta jiƙa tsumma ta goge mata leɓe, ta zauna a kujera tana ninke wanki a cinya. Kafin ta gama ninkewa, numfashin ya tsaya. Ta ajiye kayan, ta rufe mata ido, sannan ta leƙa ta kira matan bene.

An binne ta a maƙabartar gari. Bayan kwana uku Goggo ta kai yaran. Babba ta ƙirga daga ƙofa, layi na huɗu, kabari na shida, ta sa ƙannenta suka maimaita har suka riƙe. Auta ya tsuguna yana tsince ƙananan duwatsu daga kan ƙasar, yana tara su a gefe.

Jagora ya shigar da ƙara yana neman yaran. A zama na biyu Ta Fari ta shigo kotu da rigarta mai ruwan toka, ta faɗi abin da ta faɗa a bakin gado. Aka fasa simintin ɗakin ajiya, aka sami ƙananan kaburbura goma sha ɗaya. Kotu ta hana shi yaran, ta ɗaure shi shekara goma sha huɗu. Yana can gidan yari, ya yi shekara biyu a ciki.