Ramuwar Mai Walda

Mai Walda yana da murya irin ta ƙofar ƙarfe mai tsatsa, amma duk majami'armu ba wanda ya kai shi son waƙar yabo. Shekarun baya yana cikin mawaƙa. Wata Lahadi, a gaban jama'a, Malamin Waƙa ya ɗaga hannu ya tsayar da kowa, ya ce masa, "Ɗan'uwa, kai dai riƙa motsa baki kawai. Ubangiji zai ji ka a zuci, mu kuma mu huta."

Aka yi dariya, har da matar Mai Walda. Tun daga ranar ya dawo bencin baya, inda nake zama ina kallon wani ƙadangare mai jela biyu da ba ya fashin sujada. Bai ƙara rera ko baiti ɗaya ba. In ana waƙa, sai in ji haƙoransa suna gugar juna.

Kwatsam ciwo ya kayar da Malamin Waƙa. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Fasto ya ce, "Bangaskiyar da ba ta kai mutum gidan ɗan'uwansa mara lafiya ba, ni ban san sunanta ba. Wa zai riƙa zama da shi, matarsa ta samu ta huta?"

Mai Walda ne ya fara ɗaga hannu.

A hanya na ce masa, "Kai da ko gaisawa ba ku yi?"

Ya ce, "Baba, zan yi masa wanka, in ba shi abinci a baki. Sannan in rera masa littafin waƙoƙin nan daga bango zuwa bango. Ba bakin hana ni, ba ƙafar gudu."

Na bi shi don in gani. Ɗakin ƙarami ne, kwalaben magani jere a taga, jita rataye a bango ta sha ƙura. Mai Walda ya ƙera wa gadon makarin ƙarfe, wai kada mutuminsa ya faɗo ya tsere masa. Ya goge masa jiki, ya jingina shi da matashi, ya jawo kujera daf da kunnensa, ya buɗe littafi.

Da ya fara, kajin gidan suka bar tsakar gida. Mara lafiya ya damƙe zanen gado da hannunsa mai kyau, idonsa ya yi ja. Haka aka yi ta yi, kowace yamma.

Wata rana Mai Walda ya kai inda waƙa ke hawa sama, ya karkatar da ita da gangan, ya ja ta kamar ana yankan kwano. Sai bakin nan da ya karkace ya buɗe. Malamin Waƙa ya rera baitin daidai, kalmomi fes, yana hararsa. Kwanon da ke hannun matarsa ya faɗi ƙasa. Ta ce, "Maigida, kira sunana." Ya yi ƙoƙari, ba abin da ya fito. Amma da Mai Walda ya sake ɓata baitin, ya sake gyara masa.

Matar ta riƙe hannun Mai Walda tana kuka, tana sa masa albarka. Shi kuwa ya fito yana huci.

"Ka ga mugun hali, Baba? Bakinsa ya mutu ga matarsa, ya mutu ga Fasto, amma don ya gyara mini waƙa ya tashi."

Na ce, "To, ka daina zuwa mana."

"In daina? Bai ba ni haƙuri ba. Sai bakin nan ya warke sarai, ya faɗa da kansa."

Ya cusa littafin a hammata, ya tsallaka titi sayen reza. Ya ce gemun mutuminsa ya yi tsawo, gobe zai aske shi kafin su shiga waƙa ta gaba.