Kwanon Taliya a Hoton Kuramochi

Gawar Genzo Kuramochi tana kwance a ɗakin ciki, sai ga Hatano na kamfanin fim ya durƙusa a tabarmar falo yana kwance wani hoto daga cikin ƙyalle. Kallo ɗaya Shizue, matar mamacin, ta yi masa, ranta ya ɓaci. Hoton tallan taliya ne: mijinta riƙe da kwano, baki har kunne, ga sunan masu taliyar ɓaro-ɓaro a ƙasa.

"Shi za a kafa tsakiyar furanni gobe wurin jana'iza, Uwargida," in ji Hatano. "Masu taliyar sun roƙi alfarma."

"Hatano, lafiyarka ƙalau kuwa?"

"Ai da shi aka san Maigida. Ko 'yan makaranta Baba Mai Taliya suke ce masa."

Kai, rashin ta-ido! Mutumin da ya yi daraktan fim goma sha tara, na takobi, na ban dariya, na fatalwa. Fitowa a fim kuwa ba a magana. Ya yi ɗan fashi, ya yi likita, ya taɓa shiga rigar robar dodo a zafin birnin Kyoto na Japan har ya suma. Fim ɗinsa na masunta, da ya ci masa shekara uku, kamfanin nan ne ya datse rabinsa, ya kuma janye shi daga silima bayan kwana shida. Yau duk an tattara an mayar da shi mai lasar kwano.

Kuma hoton jana'iza ba a can yake ƙarewa ba. Shi za ta dawo da shi gida, kullum safiya ta ajiye masa shinkafa da shayi, ta kunna turare, ta gaishe shi, har ranar da za ta bi shi. Talla za ta riƙa rusuna wa ke nan?

"Zauna nan," ta ce. "Yanzu zan kawo maka hoton mijina."

Ta jawo akwatunan hotuna, ta zazzage su a ƙasa. Wannan da gemun ƙarya. Wannan da tabon fenti tun daga goshi har haɓa. Waɗanda yake bakin aiki kuma kyamara ta cinye masa rabin fuska. Na ranar aurensu ma kansa aske yake rabi, wai washegari zai fito a mayaƙi. Ta bi akwati uku, ba ta ga fuskar da ke zama da ita cin abinci ba.

Ta juya wajen ƙofar ɗakin ciki, inda gawar take.

"Ka kyauta, Genzo! Shekara arba'in da ɗaya, ka rabar wa duniya fuskarka, ni ko guda ba ka bar mini ba."

Ta dawo falo ta sake duban hoton Hatano. Babu gemu, babu fenti. Ga wushiryarsa, ga kunnen nan da ya fi ɗan'uwansa girma. Dariyar ma ta san ta, ita yake yi duk sanda take masa faɗa. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: a ce 'yan taliya ne kaɗai suka ɗauke shi yadda yake.

Ta buɗe aljihun teburinsa, ta ɗauko almakashin da yake yankan fim da shi. Ta zare hoton daga gilashi, ta bi ta ƙarƙashin haɓa, ƙaras!

"Uwargida!" Hatano ya zabura. "Me zan gaya musu?"

"Da kuka yanke masa masuntansa, wa kuka gaya wa?"

Ta miƙa masa guntun da hannu biyu, cikin ladabi.

"Ungo, kai musu kwanonsu. Ni mijina na ɗauka."