Farata Huɗu na Don Eusebio

Kowa a garin Ubeda ya san Don Eusebio Barranco ba ya miƙa hannun dama a gaisa. Ba girman kai ba ne, ko da yake yana da nasa daidai gwargwado. Dogayen farata huɗu ne a hannun, na babban yatsa da ukun da ke biye, kuma da su ya shekara arba'in yana kaɗa jita, tun daga gidajen shan gahawa har manyan zaurukan Madrid. Kullum da safe sai ya zauna bakin taga ya gyara su da ɗan magagari, ya bi da fata mai laushi, yana kanne ido kamar mai gyaran agogo.

Sauran hidimar duniya kuwa matarsa Encarna ya bar wa. Ita ke buɗe gwangwanin kifi, ita ke ɓare masa lemo, har maɓallin rigarsa ita ke sakawa. "Ni farata na aura," haka take gaya wa maƙwabta, "mutumin kuwa gyara aka ba ni shi."

Saura wata guda ya je Granada ya kaɗa sabon kiɗan da ya shekara shida yana tsarawa, sai ɓarin jikin Encarna ya shanye. Likita ya ce a riƙa juya ta akai-akai, ana shafa mata man zaitun a baya, kada kwanciya ta yi mata gyambo. Ƙanwarta Fuensanta tana zuwa da safe, amma lokacin tsinkar zaitun ne, tana fita da hantsi ba ta dawowa sai gobe. Daga nan aiki ya koma hannun mutumin da bai taɓa wanke kofi ba.

Ya gwada da hagu kaɗai, ya kasa ɗaga ta. Ya sa safar hannu, mai ya jiƙa ta, matar ta kusa suɓuce masa. A kwana na biyar ya tuɓe safar, ya tallafo ta da hannu biyu, sai ya ji ta ja numfashi. Farcen babban yatsa ya tsaga mata fata a ƙarƙashin kafaɗa, ga fatar ta yi siriri saboda tsufa da jinya.

Fuensanta ta gani da safe. "Mijin yaya, shaho ne ya shigo gidan nan?"

"Tsautsayi ne."

"Tsautsayi mai farata huɗu. Irin wannan ciwon a jikin mai kwanciya ba ya warkewa da wuri, ka sani ko? Ka je ka yi kiɗanka, a nemo wadda za ta zauna da ita."

Daga kan gado Encarna ta ce wani abu, harshenta a karye. Sai da ta maimaita suka gane: ba ta yarda baƙuwa ta ga tsiraicinta ba.

Bayan Fuensanta ta tafi, ya ɗauki almakashin ɗinkin matarsa ya fita tsakar gida. Ya san farce ba ya tsirowa a wata guda, ya kuma san kiɗan tsokar yatsa ba ya wuce sahu na uku a zaure irin na Granada. Shekararsa sittin da takwas, ba lallai a sake gayyatarsa ba. Baƙin ciki ya ji, mai nauyi, har da ɗan haushinta, abin da ya sa ya ji kunyar kansa. Ya yanke faratan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya je gidan waya ya aika Granada cewa ba zai samu zuwa ba.

Da la'asar ya zuba mai a tafi ya soma shafa mata baya. Bai kai ƙugu ba ta ce, "Tsaya. Kawo hannun."

Ta kama shi da hannunta mai lafiya, tana lalube kan yatsun.

"Wa ya ba ka izini?" Maganar tana fita da ƙyar, amma faɗan nata ne sak. "Naka ne kai kaɗai? Shekara arba'in ina gadinsu. Na yanke a gwangwani ya fi sau ɗari don kada kai ka yanke. Na ɗinka rigar zuwa Granada, tana nan a rataye. Tsohon banza, ko shawara babu."

Bai taɓa tunanin haka ba. Ya ce, "Na ji miki ciwo, Encarna."

"To, sai me? Da na warke."

Hawaye ya gangaro mata ta ɓangaren da ya shanye, inda ba ta jin sa. Ya kai hannu ya share, bai tsaya duba wane hannu ne ba. Ta riƙe shi a nan kan kumatunta, ta daɗe ba ta saki ba.

"Ashe hannun nan yana da ɗumi," ta ce. "To, ƙarasa bayan, mai yana zuba a zanen gado."