Waƙar Mai Kaurin Wuya

Ranar bikin gama sakandaren 'yata Tsveta, tun da hantsi na wanke motar da nake rabon burodi da ita, na ɗaura mata balan-balan. Mun yi da Tsveta ni zan zaga da ita garinmu Haskovo, tana leƙowa ta taga tana ƙirga ajujuwan da ta gama da ƙarfi, kamar kowane ɗalibi. Jibi kuma in kai ta Plovdiv jarrabawar shiga makarantar jinya.

Da la'asar dangi sun cika tsakar gida, ana cin fanken cuku na banitsa ana shan giyar rakiya, sai Rumen, ƙanin matata, ya sa waƙar nan. Wadda a ciki yarinya ke cewa a ƙone littafi, a ba ta mai kuɗi, mai kaurin wuya da sarƙar zinare. Waƙar ta girmi Tsveta, amma har yau babu aure, babu baftisma da ba a sa ta. Uwata mai kukan gwiwa kullum ta miƙe tana karkaɗa ƙugu.

"Ku rage ta mana," na ce.

"Haba Nedyalko, makoki muke?" in ji Rumen. "Waƙa ce kawai!"

Sai ga wata baƙar mota ta tsaya a ƙofa, ta tare tawa. Zdravko ne, mai gidan rawa a bakin teku. Tun bara yake wa Tsveta tayin aiki. Ashe ta amsa, ɗaukarta ya zo yi.

Na ja ta gefe. "Tsveti, jarrabawar fa?"

"Baba, Gwaggo Penka ta tsufa tana aikin jinya. Ko haƙoranta ta kasa gyarawa."

"Mutumin nan sa'ana ne, ajinmu ɗaya da shi!"

"To ai ka ga inda ya kai."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Har kwala ta gyara mini.

Matata Ginka ta watsa ruwa a gabanta don tafiya ta yi sauƙi, yadda aka saba. Tsveta ta taka ruwan, ta wuce motata. Ginka ta bi ta da akwatin da na saya don Plovdiv, Zdravko ya karɓa ya jefa a but.

"Kwantar da hankalinka, ɗan ajinmu!" ya ce da ni.

Cikin motarsa ma waƙar ce. Suka ja, dangi na bin amshi.

Na tsaya ina kwance balan-balan. A bayana uwata na cewa a maimaita waƙar.